Ƙofa uku tsakanin baƙo da wasa: me ya sa sabar gidanka ba ta amsa sallama

A hutun ƙarshen zangon da ya wuce ɗan yayata ya kira ni wajen ƙarfe goma na dare, muryarsa kamar zai yi kuka. Ya samu tsohuwar kwamfutar tebur ta mahaifinsa, ya kakkaɓe mata ƙura, ya ɗora mata VirtualBox, manhajar da ke ƙirƙiro wata kwamfuta a cikin kwamfuta, a cikinsa ya girka Ubuntu, wani tsarin tafiyar da kwamfuta kamar Windows, a cikin Ubuntun kuma ya tayar da sabar wasan Minecraft, wato manhajar da ke haɗa 'yan wasa, don shi da abokansa su riƙa gini a duniya ɗaya. Kwana biyu ya yi yana fama. Baƙin allon nan ya rubuta masa Done, alamar saba ta tashi lafiya. Ya tura wa abokan adireshi, ɗaya a Zariya, biyu a Abuja, shi kuma yana Kaduna. Kowa ya gwada, shiru kake ji.

"Kawu, wallahi duk abin da mutumin bidiyon ya yi na yi."

Na ce ya karanto mini adireshin da ya tura musu. Ya ce 10.0.2.15. Na yi dariya, ba don raini ba, don ni ma shekarun baya wannan lambar na taɓa aika wa wani na zauna ina jiran ya shigo. Duk wanda ya girka VirtualBox bai sauya komai ba, ko a Kaduna yake ko a Tokyo, lambar da kwamfutarsa ta ciki ke samu ke nan. Kamar ka ce wa baƙon da zai taso daga Zariya, "Idan ka zo ka nemi ɗaki na biyu a hannun dama." Na wane gida? A wace unguwa?

Sabar wasa ba wata abar al'ajabi ba ce. Manhaja ce da ke zaune ta kasa kunne. Wasan da ke wayar yaro ko kwamfutarsa shi ke yin sallama, ita kuma ta amsa. Idan ka ga an kasa shiga, galibi ba sabar ce ta lalace ba, sallamar ce ba ta kai kunnenta ba. Kuma tsakanin baƙo da ita, a irin wannan tsari, ƙofa uku ce. Biyu makullinsu na hannunka. Ta ukun ba taka ba ce, ita ce kuma masu bidiyon koyarwa suka fi tsallakewa, saboda yawancinsu a gidajensu babu ita.

Asalin ƙofofin nan ƙarancin adireshi ne. Tsarin IPv4, mai lambobi huɗu da ɗigo a tsakani, tun 1981 aka tsara shi, kuma iyakarsa adireshi kusan biliyan 4.3. A lokacin an ɗauka ya isa har a bar wa jikoki. A watan Fabrairun 2011 hukumar IANA, mai rabon adireshin intanet na duniya, ta raba ragowar manyan ƙunsoshin da ke hannunta ga hukumomin yankuna biyar, cikinsu har da AFRINIC da ke kula da Afirka, rumbun tsakiya ya zama fayau. Amma tun a shekarun 1990 an hango haka na tafe, shi ya sa a 1996 aka keɓe wasu lambobi aka ce na cikin gida ne, kowa ya yi amfani da su a gidansa, amma ba sa fita titi: duk wanda ya fara da 10, da wanda ya fara da 192.168, da waɗanda ke tsakanin 172.16 zuwa 172.31. Sai aka haɗa da wata dabara mai suna NAT, wadda ke ba gida guda adireshin waje ɗaya tal, komai yawan na'urorin da ke ciki.

Wanda ya tashi a gida mai zaure ba ya bukatar a yi masa dogon bayanin NAT. Rautar gidanka, wato akwatin da ke raba wa na'urorin gidan intanet, ita ce dattijon da ke zaune a zaure. Idan aka aiki yaro daga cikin gida, ta gabansa zai fita, ya riƙe a ransa cewa wannan daga ɗakin wance ne, idan saƙo ya dawo ya san inda za a miƙa shi. Da haka ne kake buɗe shafi ko ka kalli bidiyo ba tare da ka saita komai ba: kai ka aika, amsa ce ta dawo. Amma baƙon da ba a aika a kira shi ba, ya zo ya yi sallama bai ambaci kowa ba, dattijo ba shi da inda zai kai shi. Ba zai ma ce masa "ba a shiga" ba, kallonsa kawai zai yi har ya gaji ya tafi. Abokan ɗan yayata irin wannan baƙon ne.

Akwai kuma lambar taga. Kowane adireshi yana da tagogi har 65,535, kowace manhaja da wadda take sauraro ta cikinta. Minecraft na Java, wanda ake yi a kwamfuta, yana kan 25565 ta hanyar TCP. Na Bedrock, wanda ake yi a waya da na'urorin wasa, yana kan 19132 ta hanyar UDP. Wasan Valheim na amfani da 2456 da 2457 ta UDP, wasan Terraria kuma 7777. TCP da UDP hanyoyi ne biyu daban na aika saƙo, kuma bambancinsu ba ado ba ne. Na ga wanda ya buɗe 19132 a TCP ya wuni yana zagin rautarsa, alhali tagar da ya buɗe da wadda ake ƙwanƙwasawa lamba kawai suka haɗa.

To mu faro daga ƙuryar ɗaki. Kwamfutar da ke cikin kwamfuta, wadda masu harkar ke kira VM, ni 'yar goyo nake ce mata, ainihin injin da ke ɗauke da ita kuma uwar goyo. A saitin da VirtualBox ke zuwa da shi, uwar goyo tana yi wa 'yar goyo nata ƙaramin zauren, wato NAT a cikin NAT. 'Yar goyo za ta iya aike waje, ta sauke Java, manhajar da sabar ke gudana a kanta, ta sabunta Ubuntu, shi ya sa yaron ya ɗauka komai na tafiya daidai. Amma ko uwar goyon kanta ba za ta iya ƙwanƙwasa mata ƙofa kai tsaye ba, balle wayar ƙanensa da ke falo, balle mutumin Zariya.

Gyaran iri biyu ne. Ko dai ka bar ta a goye, ka shiga saitin Network na VirtualBox, inda aka rubuta Port Forwarding, ka ce duk wanda ya ƙwanƙwasa wa uwar goyo taga 25565 a miƙa shi ga 'yar goyo. Ko kuma ka sauke ta daga baya gaba ɗaya, ka sauya saitin daga NAT zuwa Bridged Adapter. A nan za ta je wurin rauta da kanta ta karɓi adireshi kamar kowace na'ura ta gidan, a ce 192.168.0.105, ƙofa ɗaya ta ragu ke nan. Yawancin mutane na biyun suke zaɓa, shi na sa yaron ya yi. Sai dai na ce ya nemo waya ya jona kwamfutar da rauta, kada ya dogara da waifai. Tsarin waifai ba ya son na'ura ɗaya ta riƙa magana da sunaye biyu, VirtualBox dabara yake yi ya rufe wannan, wani lokaci ta ci, wani lokaci 'yar goyo ta zauna babu adireshi ka rasa dalili.

Bayan minti ashirin ya sake kira. Ya buga ip a, ya ga sabuwar lamba, amma laftof ɗin da ke falo har yanzu an ƙi barinsa ya shiga. Abu biyu ne suka saba kawo haka. Na farko katangar tsaron Ubuntu, ufw, idan an kunna ta sai an ce mata sudo ufw allow 25565/tcp. Na biyu wani layi a fayil ɗin server.properties mai suna server-ip. Sunan na yaudarar mutane, su ga kamar dole a cike shi. Shi ya rubuta tsohuwar lambar nan 10.0.2.15 a wurin, saba ta dage sai ta saurara a adireshin da ba nata ba ne yanzu. Aka goge aka bar shi fayau, aka sake tayar da ita. Ina jin ihun ƙanensa ta waya, ya shiga daga falo.

Ƙofa ta biyu ita ce rautar gida, ita ce kuma wadda duk bidiyon duniya ke magana a kanta. Ka buɗe burauza ka buga adireshin rautar, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, a wasu na Huawei 192.168.8.1, ka shiga da kalmar sirrin da ke manne a gindinta, ka nemi Port Forwarding, wasu rautocin Virtual Server suke rubutawa. Ka gaya wa dattijon zaure: duk baƙon da ya zo taga 25565, ɗakin 192.168.0.105 za a kai shi. Ƙaramin tarkon da ke nan shi ne rauta aron adireshi take bayarwa, ba kyauta ba. Yau ta ba 'yar goyo 105, gobe bayan an ɗauke wuta an dawo da ita ta ba wayar wani 105 ɗin, baƙi su yi ta shiga ɗakin da ba kowa. Sai ka sa ta keɓe wa 'yar goyo lamba ɗaya ta dindindin, a wurin da ake kira DHCP Reservation ko Address Reservation.

Wani abin da ke ɓata wa mutane dare a banza shi ne gwaji daga cikin gida. Kana zaune a kan waifai ɗin gidan, ka buga adireshin waje na gidan, ya ƙi. Rautoci da yawa ba su iya wannan ba, mutum ya fita zaure ya juyo ya yi wa gidansu sallama. Gwajin gaskiya shi ne ka kashe waifai a wayarka, ka kunna data, ka gwada daga can.

Yaron ya yi duk wannan, ya yi shi da kyau. Mutumin Zariya ya gwada. Shiru.

Da tun farko na tambaye shi abin da ya kamata, da ban sa shi wahalar ƙofa ta biyu ba, kuma wannan laifina ne. Na ce ya duba shafin farko na rautar, inda aka rubuta WAN IP, ya karanto. Lambar ta fara da 100.72. Na ce ya buɗe kowane shafi da ke gaya wa mutum adireshinsa na waje, ya karanto wannan ma. Wata lamba ce daban, ko kama ba su yi ba. Na ce masa, "Ɗana, rufe shafin rautar nan. Ko shekara za ka yi a cikinsa ba abin da zai sauya."

Abin da ya gani sunansa CGNAT. Kamfanin da ke ba su intanet, ta rauta mai cin layin waya, bai ba gidansu adireshin waje ba sam. Ya zuba gidaje masu ɗimbin yawa a bayan adireshi ɗaya, ya kafa nasa babban zauren. Gidan nasu ashe ba a bakin titi yake ba, a cikin wata katafariyar unguwa mai katanga yake, ƙofarta ɗaya, mai gadin kuma ba kai ka ɗauke shi aiki ba. Dattijon zaurenka ya karɓi umarni, yana zaune yana jiran baƙo, baƙon kuwa tun a bakin unguwa aka tsayar da shi. A 2012 aka keɓe wa wannan tsari nasa lambobin, daga 100.64 zuwa 100.127, duk da cewa wasu kamfanonin masu farawa da 10 suke rabawa. Gwajin dai ɗaya ne, bai kuma kai minti biyu ba: idan lambar da rauta ke nunawa ta bambanta da wadda duniya ke gani, akwai wani zaure a gabanka.

Ba mugunta ce ta sa kamfanoni yin haka ba. Ƙasashen da suka riga shiga intanet sun kwashi adireshi tun yana arha kamar ƙasa, har wasu kamfanoni da jami'o'in Amurka kowannensu ya samu sama da miliyan 16 shi kaɗai. Kamfanin wayar da ya tara masu layi miliyoyi bayan an gama rabo ba shi da inda zai samo wa kowa nasa. Mu kuma a nan, daga Kano zuwa Maraɗi, intanet ɗin yawancin gidaje ta layin waya yake shigowa, ko maifai ko rauta mai SIM ko wayar da aka kunna wa hotsifot. Ko Starlink, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, a tsarinta na gidaje bayan CGNAT take ajiye mutum, rautarta ma ba ta da wurin buɗe taga. Abin da ya zama togaciya a wurin mai bidiyon da ke zaune a Amurka ko Jamus, a wurinmu shi ne gama-gari.

Hanya mafi miƙewa ita ce ka nemi kamfanin ya ba ka adireshin waje naka. Masu jawo wayar fayiba zuwa gida sukan bayar, galibi da ƙarin kuɗi ko a tsarin 'yan kasuwa. Idan ka samu, duk aikin ƙofa ta biyu zai fara amfani nan take. Idan adireshin mai sauyawa ne, sai ka haɗa da DuckDNS ko No-IP, su ba ka suna ɗaya da ke bin lambar duk inda ta koma. Na kyautar No-IP sai ka riƙa tabbatar musu kana nan duk bayan kwana 30, in ba haka ba su karɓe sunan. Akwai kuma IPv6, sabon tsarin da adireshinsa ba ya ƙarewa, babu bukatar NAT a cikinsa. A takarda shi ne maganin. A zahiri sai kai kana da shi, kowane abokin wasanka ma yana da shi, kuma a cikin yara huɗu masu layuka daban-daban ban sa rai ba, ban ma tsaya gwadawa ba.

Abin da ya rage shi ne a juya maganar. Mai gadi yana hana baƙo shiga, amma ba ya hana ɗan gida fita, ba ya kuma hana shi dawowa da amsa. To maimakon saba ta zauna tana jiran sallama, ita ta fita ta tari baƙonta a waje. Duk dabarun da ke aiki a bayan CGNAT a kan wannan suka ginu, bambancinsu kawai wa ke tsaye a mahaɗar.

Mu Tailscale muka ɗauka. An gina ta a kan WireGuard, wata hanyar ɓoye sadarwa da Jason Donenfeld ya rubuta, wadda aka shigar cikin zuciyar Linux, tsarin da aka gina Ubuntu a kansa, a 2020. Kana girka ta a cikin 'yar goyo, kowane ɗan wasa ya girka a tasa na'urar, sai dukkanku ku zama kamar kuna tsakar gida ɗaya, kowa da lambarsa da ba ta sauyawa. Abin dariya, lambobin da take rabawa daga cikin na 100.64 ɗin nan ne, kada ka gani ka ruɗe. Mai saba zai iya raba wa abokansa na'ura ɗaya kawai, 'yar goyon, ba tare da sun ga sauran kayansa ba. ZeroTier ma irin wannan aikin take yi, tsofaffin hannu kuma za su tuna Hamachi, wadda tsarinta na kyauta na'ura biyar kaɗai yake ɗauka. Da wannan hanya ba ka bukatar taɓa rauta ko kaɗan, ko 'yar goyo na goye a NAT za ta yi aiki. Na sa yaron ya koma ya goge tagar da ya buɗe.

Yadda take ƙetare masu gadi biyu ya cancanci a tsaya a kai. Na'urar Kaduna da ta Zariya kowace za ta fita ta gaya wa wata sabar kamfanin ta wace taga ta fito. Sabar ta faɗa wa kowace inda ɗayar take. Sai su jefa wa juna saƙo a lokaci guda. Mai gadin Kaduna ya ga ɗan gidansa ya aika Zariya, saboda haka abin da ya iso daga Zariya sai ya ɗauka amsa ce, ya buɗe. Na Zariya ma haka. An yi wa kowannensu wayo da dokarsa. Sai dai ba kullum take ci ba. Wasu zaurukan, musamman na kamfanonin waya, duk aike sai sun sauya taga, ba mai iya cankar ta gaba. Idan duka ɓangarorin biyu irin waɗannan ne, sai Tailscale ta haƙura ta riƙa bi ta wata tashar miƙo saƙo, irin waɗanda take da su a London da Faris da Johannesburg. Umarnin tailscale status zai nuna maka ko direct kuke, wato kai tsaye, ko relay, wato ta tashar miƙo saƙo.

Wannan kalma ɗaya tana da nauyi a wasa. Haske a cikin wayar fayiba kimanin kilomita 200 yake ci a kowace milisakan ɗaya, wato kashi ɗaya cikin dubu na sakan. Kaduna da Zariya kilomita 80 ne ko kusa da haka. Amma idan ta Turai ake bi, saƙon yaron Zariya sai ya gangara Legas, ya shiga teku, ya dawo, sannan amsar ma ta yi wannan tafiyar. Wayar MainOne da ta haɗa Legas da Fotugal tun 2010 tsawonta kilomita 7,000 ne. Sau huɗu ke nan, kilomita 28,000, milisakan 140 na tafiyar haske zalla, ba a lissafa ƙarasawa London ba, ba a lissafa jinkirin eriyar waya ba. Sabar Minecraft sau 20 take bugawa a sakan ɗaya, kowane bugu milisakan 50, ka ga an yi asarar kusan uku kafin a ce komai. Mai gini da haƙar ƙasa zai jure, ya ga bulon da ya fasa ya ɗan yi jinkirin ɓacewa. Mai wasan harbi ba zai jure ba. Na Abuja biyun sun samu direct, na Zariya kuwa relay, shi ne kullum mai ƙorafi. Da ya koma wani layin na gidansu abin ya daidaita.

Idan abokan wasan na PlayStation ne ko Xbox, inda ba a iya girka irin wannan manhaja, ko kuma kana son kowa ya shigo ba sai ya girka komai ba, sai a nemi mahaɗa mai adireshin waje. Akwai playit.gg, da aka yi musamman don haka: ƙaramar manhaja a cikin 'yar goyo ta fita ta kama sabarsu, su ba ka adireshi ka raba, kuma tana ɗaukar TCP da UDP duka. Mai son riƙe akalarsa da kansa zai yi hayar ƙaramar saba a wani kamfani, ya ja WireGuard tsakaninta da gida, duk sallamar da ta zo can a turo ta nan. Tana aiki sarai, amma duk inda sabar hayar take nan kowa zai riƙa zagayawa, don haka wadda ke Legas ta fi wadda ke Frankfurt ga 'yan wasan da ke cikin ƙasa. Kuma ni a ganina, wanda ya kai ga biyan hayar saba duk wata, ya tsaya ya tambayi kansa me ya hana ya ɗora wasan a can gaba ɗaya. Amsar da ke da ma'ana ɗaya ce: ƙaramar sabar miƙo saƙo tana da arha, mai ƙwaƙwalwar da za ta ɗauki Minecraft kuwa ba ta da arha.

Duk hanyar da ta ba ka adireshin da kowa zai iya ƙwanƙwasawa ta zo da nata baƙin da ba ka gayyata ba. Akwai injinan da ba su da aiki dare da rana sai bin adireshin IPv4 ɗaya bayan ɗaya suna taɓa tagogi, 25565 kuma sananniya ce. Ba sai ka gaya wa kowa ba za a same ka. A Disambar 2021, lokacin da aka gano ɓarakar Log4Shell a wani ɓangaren Java mai suna Log4j, sabar Minecraft na cikin wuraren farko da aka nuna ta: mutum ya rubuta wani layi a akwatin hira, saba ta aiwatar da umarninsa. An toshe wannan tuni, amma shi ne dalilin da ya sa nake yaba wa yaron da ya sa sabar a cikin 'yar goyo tun farko. Idan aka fasa, ita aka fasa, kuma VirtualBox na ba ka damar ɗaukar hotonta tana lafiya ka mayar da ita yadda take. Sai dai kada a manta, Bridged ya sauke ta a tsakar gida, tana ganin wayoyin kowa da talabijin. Wanda zai buɗe wa duniya taga, barinta a goye ya fi mini kwanciyar hankali.

Layi biyu a server.properties su ne sakatar ƙofa: white-list=true, don sai wanda ka rubuta sunansa, da online-mode=true, don a tabbatar mai sunan ne da gaske. Na san yara da yawa a nan ba da kwafin saye suke wasa ba, shi ya sa suke mayar da na biyun false. To su sani, da zarar an yi haka jerin sunayen ya zama hoto, kowa na iya shigowa da sunan mai gida ya karɓi ikonsa. A cikin Tailscale, inda sai wanda ka gayyata ke ganin sabar, haɗarin da sauƙi. A buɗaɗɗen adireshi kuwa gayyatar ɓarna ce. Kuma akwai wani maɓalli a rauta mai suna DMZ da wasu ke ba da shawarar a danna idan abu ya ƙi. Ma'anarsa a buɗe tagogi 65,535 duka saboda guda ɗaya. Kada ka taɓa shi.

Saura abin da babu mai bidiyon da zai ambata: wuta. Minecraft duk minti biyar yake adana duniya, idan NEPA ta yi halinta yana tsakiyar rubutu, wani yanki na iya lalacewa, gidan da aka yi sati ana ginawa ya koma rami. Tsohon laftof mai batir da sauran rai ya fi kwamfutar tebur dacewa da wannan aiki a ƙasar nan, muddin an hana shi barci idan an rufe murfi. Mu da ta tebur muka samu, sai aka jona ta da inbatar gidan, ita da rautar, don saba mai rai a bayan matacciyar rauta ba ta da amfani. Na nuna masa inda zai sa injin ya kunna kansa idan wuta ta dawo, a cikin BIOS, wato saitin da ake shiga tun injin na tashi, da yadda VBoxManage startvm zai tayar da 'yar goyo ba tare da an buɗe allo ba, da yadda systemd, mai tayar da manhajoji a Ubuntu, zai tayar da sabar a cikinta. Injin gigabait 8 na ƙwaƙwalwa gare shi, muka ba 'yar goyo 4, Java ta ɗauki 3. Muka rage view-distance daga 10 zuwa 6, saboda duk abin da yaran ke hangowa daga datar gidan yayata yake fita, ita kuma ba a yi shawara da ita ba.

Bayan sati biyu ita ce ta kira ni, ba shi ba. Data ta ƙare kwana tara kafin ƙarshen wata, kuma ta gano kwamfutar da ke huci a ɗakin yara dare da rana da hannuna a ciki. Yanzu sabar daga bayan la'asar take tashi zuwa ƙarfe tara, kuma na Abuja biyun kowa na turo nasa kason na kuɗin data ranar ɗaya ga wata.